Rediyon Mota da Sha'anin Kama Tasha

Jawabin da Ma'aikacin Watsa Labarai ya yi wa Hakimai da Malamansu na ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama

  

An umurce ni in yi muku bayani a kan wani abu wanda kowannenku ya ke tare da shi kullum, amma ba safai a ke zama a yi maganarsa ba, watau akwatin rediyon da ke cikin mota. Na san wataƙila wani zai ce a ransa, yaron nan ya rasa abin da zai tara manya a kansa sai abin kiɗa. Ina neman gafara, a ba ni ɗan lokaci. Hakimi a zamanin nan rabin aikinsa a kan hanya ya ke yinsa: yau yana Birnin Kebbi wajen taro, gobe yana rangadin ƙauyuka, jibi ya tafi sulhunta manoma da makiyaya. A cikin sa'o'in nan da ya ke zaune a mota, sanarwar Gwamnati ba ta da wata ƙofa da za ta iske shi da sauri kamar wannan akwati. In akwatin ya lalace, ko kuwa direba ya mai da shi na waƙa kaɗai, sai Hakimi ya sauka a gari ya tarar talakawansa sun riga shi jin labarin da shi ne ya kamata ya kawo musu.

Labarin kuwa wani lokaci na rai ne da dukiya. Ba ku manta da daminar 2020 ba, sa'ad da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi, ta karya gadoji, ta raba mutane da gidajensu. Ba ku manta kuma da farkon 2025 ba, sa'ad da cutar sanƙarau ta ɓulla a ƙasashen Aliero da Jega da Gwandu, aka yi rashin rayuka. A irin waɗannan ranaku, gargaɗin da ya iso da safe ba ɗaya ya ke da wanda ya iso da la'asar ba. Wani zai ce ai ga wayar hannu. Gaskiya ne, amma a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara maƙwabciyarmu sabo da sha'anin tsaro, mutane suka yi makonni wayar na hannunsu kamar dutse. Rediyo kuwa bai daina magana ba, domin ba ya bukatar kati, ba ya bukatar layi, kuma murya ɗaya ta kan ishi mutum dubu a lokaci ɗaya.

Tarihin abin ba shi da tsawo. A 1901 wani Ba'italiye mai suna Marconi ya aika da alama ta iska daga Ingila ta ƙetare tekun Atlantika ba tare da waya ba. A 1930 wani kamfani a Amurka ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola. A ƙasarmu an fara da akwatin da a ke ja masa waya har cikin gida, a Ikko a 1935, daga baya Kano da waɗansu biranen Arewa suka samu. Tasha ɗaya ce tak, ba a murɗa shi, sai dai a ƙara murya ko a rage. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna ya buɗe a 1962, sa'an nan a 1992 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshinsu. Tun daga nan tashoshin FM suka yawaita, har muka sami namu a Birnin Kebbi, na Jiha da na Tarayya irin su Equity FM, da na masu zaman kansu.

To, yaya murya ta ke tasowa daga bakin mai karanta labarai ta iso cikin mota a kan hanyar Koko? Gidan rediyo yana da na'ura mai ɗora muryar a kan waɗansu igiyoyi na lantarki da ido ba ya gani, ya watsa su daga kan dogon ƙarfen nan da ku ke hangowa. Gudunsu ɗaya ne da na haske, kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, sabo da haka babu wani jinkiri da kunne zai lura da shi. Igiyoyin nan suna kaɗawa kamar yadda ruwan gulbi ya ke kaɗawa in an jefa dutse, waɗansu da sauri ƙwarai, waɗansu a hankali. Lambar da ku ke gani a fuskar rediyo ita ce ƙidayar wannan kaɗawa. Mai kaɗawa da sauri takunta gajere ne, mai kaɗawa a hankali takunta dogo ne, kuma tsawon takun nan shi ne mita da mu ke ji ana faɗa. Malamai masu son lissafi, ga ƙa'idar: a raba 300 da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne mita. Rediyon Kaduna da iyayenmu suka daɗe suna kamawa a kan kilohaz 6090, watau megahaz 6.09, in kun raba za ku sami 49 da ɗan ɗori. Asalin mita 49 ke nan. Tashar FM da ke kan megahaz 100 kuwa takunta mita 3 ne kacal.

Wannan bambancin taku shi ne tushen dukan abin da zan faɗa, domin kowane zango da irin tafiyarsa.

Bari in fara da FM, tun da ya ke shi a ka fi ji a mota yanzu. Zangonsa daga megahaz 87.5 ne zuwa 108. Igiyoyinsa a miƙe su ke tafiya kamar hasken fitila, ba su iya bin lanƙwasar ƙasa sosai. Duniya kuwa a ƙundume ta ke, sabo da haka in mota ta yi ta nisa, sai ƙasa kanta ta shiga tsakaninta da ƙarfen tasha, kamar yadda mai tafiya ya ke hango kan rimin gari tun daga nesa kafin ya ga gindinsa. Masana suna da lissafin wannan nisa. In tsawon ƙarfen tasha mita 100 ne, a misali, iyakar inda ya ke hangowa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar kilomita 41 ne. Tsawon eriyar mota daga ƙasa ya ƙara kamar biyar ko shida, ya zama wajen 47. Bayan nan muryar ba ta yankewa farat ɗaya, amma ta kan yi ta raunana da sauri. Wani abin lura kuma, in ana so a ninka nisan nan sau biyu, tilas a ninka tsawon ƙarfen sau huɗu. Shi ya sa ƙara wa na'ura ƙarfi kaɗai ba ya biyan bukata yadda mutane su ke zato. Mai ƙarfin murya da ke cikin rijiya bai kai mai ƙaramar murya da ke kan soro jiyuwa ba.

Yanzu ku auna wannan da ƙasarku. Jega da Aliero, in an ja layi a miƙe daga Birnin Kebbi, kilomita talatin da wani abu ne. Maiyama ta haura arba'in. Watau Jega da Aliero suna cikin inuwar irin wannan ƙarfe da na misalta, Maiyama tana bakin inuwar, wanda ya wuce ta ya nufi Koko da Yawuri kuwa fita ya ke yi daga cikinta sannu a hankali. Ga dalilin da ya sa direba ya kan taso daga Jega murya garau, ya yi kudu, sai ya ji ta fara shashshaƙa, ta ɗauke a gangare, ta komo a kan tudu. Ba rediyon ne ya lalace ba, kuma ba mutanen gidan rediyo ne suka yi sakaci ba. Haka nan in an gangara fadamar gulbin Zamfara, ko an shiga kwazazzabo, ƙasa ta kan tare hanya. A irin wannan wuri, in ana karanta sanarwa mai muhimmanci, dabara ita ce a matsa a hau tudu mafi kusa a tsaya. Sau da yawa taku ɗari ya isa.

Akwai kuma wata shashshaƙa ta cikin gari, wadda ba nisa ne ya kawo ta ba. A tsakiyar Jega, inda rufin kwano da manyan motoci suka yi yawa, igiyar FM ta kan bugi ƙarfe ta dawo, sai eriya ta karɓi murya ɗaya ta hanya biyu, ɗaya ta riga ɗaya isowa da ɗan kaɗan. In suka haɗu daidai su ƙarfafa juna, in suka saɓa su kashe juna. Tun da ya ke takun mita 3 ne kawai, mota ta kan fita daga wurin da suka saɓa in ta gusa da ƙafa biyu ko uku. Wanda ya tsaya a mararraba ya ji murya ta dusashe, ya ɗan saki birki kaɗan ya gani. Yawancin rediyon mota kuma suna da wata dabara tasu: in murya ta yi rauni su kan daina rarraba ta dama da hagu, su haɗe ta wuri ɗaya domin a rage shuu. In naku yana da maɓallin yin haka da hannu, ku yi amfani da shi a bakin inuwa.

Matsakaicin zango, wanda a fuskar rediyo a ke rubuta AM ko MW, halinsa dabam. Lambobinsa daga kilohaz 531 ne zuwa 1602, takunsa kuwa ɗaruruwan mita ne. Tashar da ke kan 594, inda Kaduna ta yi shekaru tana magana, takunta ya ɗara mita 500. Mai dogon taku irin wannan tudu da gini ba su tare shi, bin ƙasa ya ke yi yana lanƙwasawa tare da ita, sabo da haka da rana ya kan kai inda FM ba ya kaiwa. Da dare kuwa sai abin mamaki ya auku. Direbobin da ke ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Kudu sun san wannan sarai: bayan isha'i sai rediyo ya cika da harsuna, ga Larabci, ga Faransanci, ga waɗanda ba a san ko na ina ne ba, gari na wayewa kuma su ɓace.

Dalili shi ne, can sama, daga kamar kilomita 60 har zuwa fiye da 300, akwai iska siririya wadda hasken rana ya ke cika ta da lantarki, hawa-hawa kamar bene. Wani Bature masani mai suna Appleton ne ya tabbatar da samuwarta da gwaji a 1924. Hawan sama ya kan mai da igiyar rediyo ƙasa kamar madubi. Hawan ƙasa kuwa shanye ta ya ke yi, amma shi rana ce ke riƙe da shi, da ta faɗi sai ya watse. Sabo da haka da rana igiyar matsakaicin zango da ta nufi sama ta kan mutu a hawan ƙasa, da dare kuwa ta wuce ta bugi madubin ta sauko a wata ƙasa mai nisan kilomita dubu ko fiye. Amfanin wannan a fili ya ke. Illarsa ita ce tasha ta kusa ta kan sha wahala da dare, domin baƙi sun shigo mata zango, kuma muryar da ta biyo ƙasa da wadda ta sauko daga sama su kan yi karo, sai a ji magana tana tashi tana faɗuwa kamar ana hura ta da mafici.

Gajeren zango kacokan a kan madubin nan ya dogara, shi ya sa a ke jin London a Sabiyal. Ƙa'idarsa a taƙaice: da rana a nemi ƙananan mita, 16 da 19, da dare da asuba a nemi manya, 41 da 49, 25 da 31 suna tsakani. Ya kan yi tsalle kuma, ya ƙetare na kusa ya sauka a kan na nesa. Ba zan daɗe a kansa ba, domin yawancin rediyon mota ba su da shi ko kaɗan. Shawarata dai ita ce kowace motar Hakimi a ajiye ƙaramin rediyon hannu mai gajeren zango a cikinta, da batir sabo. In za a saurare shi a fito da shi waje, ko a fitar da eriyarsa ta taga, domin jikin mota ƙarfe ne, ya kan tare igiya kamar yadda laima ta ke tare ruwa.

Sau da yawa a kan tambaye ni abin da ya sa da damina matsakaicin zango ya ke ƙaraf-ƙaraf, FM kuwa shiru. Bambancin yana wajen yadda a ke ɗora muryar. A AM, ƙarfin igiyar a ke ƙarawa ana ragewa gwargwadon magana. A FM ƙarfin ɗaya ne kullum, saurin kaɗawar a ke sauyawa, kamar makaɗin kalangu da ke matsa shi a hammata ya sauya masa murya alhali dukan bai sauya ba. Walƙiya kuwa ita ma igiyar rediyo ta ke watsawa, mai ƙarfi, marar tsari. Rediyon AM, da ya ke ƙarfi ya ke saurare, sai ya ɗauke ta a kan magana ce. Na FM bai kula da ƙarfi ba, sai ya yar da ita. Wani Ba'amurke mai suna Armstrong ne ya ƙago wannan hanya, ya yi mata rajista a 1933, kuma maganin wannan ƙarar ya ke nema tun asali. Amma fa ƙarar nan ba banza ba ce ga matafiyi. In kuna rangadi a watan Yuli ko Agusta, sama garau, ku ka murɗa AM ku ka ji ƙaraf-ƙaraf tana yawaita tana ƙara ƙarfi, to, akwai hadari a wani wuri, kuma yana matsowa. Wanda ke da mashigin rafi a gabansa sai ya yi shawara.

Da hunturu kuma, da sassafe, iska mai sanyi ta kan kwanta a ƙasa mai ɗumi ta hau kanta, sai su yi wa igiyar FM wata irin hanya ta bi ta wuce iyakarta. Ran nan sai a kama tashar wani gari mai nisa garau, hantsi na yi ta tafi. In tasha biyu suka haɗu a lamba ɗaya, rediyon FM ba ya gauraya su, mai ƙarfin ya ke ɗauka ya danne ɗayar. Kada direba ya kai rediyo wajen gyara sabo da wannan.

Na zo ga laifin da ke cikin motar kanta, kuma a ganina shi ya fi yawa. Na farko eriya. Sandar nan ba ado ba ce, tsawonta aunanne ne: rubu'in takun igiyar FM, watau kamar santimita 75. In ta karye aka bar guntu, ko aka soka wata waya aka ce ai duk ɗaya ne, to, an rage wa rediyo ji. Gindinta kuma tilas ya kama ƙarfen jikin mota sosai, domin jikin motar shi ne rabin eriyar. In tsatsa ta ci wurin, sai a kwance a kankare a ɗaure. Waɗansu motoci eriyarsu siraran layuka ce a jikin gilashin baya, waɗanda a kan yanke ba da sani ba wajen kankare takarda da reza. Irin waɗannan suna da wata ƙaramar na'ura mai ƙara musu ƙarfi wadda ke bukatar wuta. Sau da yawa in an cire rediyon asali aka sa sabon nan mai allo kamar talabijin, mai haɗawa ya kan manta da wayar da ke kai mata wuta. Sai a ga allo yana walƙiya, hoto tangaran, amma tashar da tsohon rediyo ya ke kamawa har Andarai sabon ba ya kai ta Kimba. In za a yi muku irin wannan canji, a gwada tasha mai nisa kafin a biya kuɗin aiki.

Na biyu ƙarar inji. Gane ta ba wuya. A tsaya, a kashe inji, a bar rediyo a kunne. In ƙarar ta tafi, daga motar ta ke. In kuka ne siriri mai tashi sa'ad da a ka taka totur, ya sauka in an saki, daga na'urar da ke cajin batir ne, ko kuwa wayar da ke haɗa rediyo da jikin mota ta saki. In ƙas-ƙas ce mai bin bugun inji, a duba filogi da wayoyinsu. Amma kafin a kira mai gyaran wayoyin mota, a fara zare cajar wayar hannu da ke soke a gaba. Cajar nan mai araha, da waɗansu fitilu farare masu ƙarfi da a ke ƙara wa mota, suna watsa ƙara wadda ta isa ta binne tasha mai rauni. Ƙarar da ke zuwa sa'ad da a ke wucewa ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki kuwa ba ta da magani sai wucewa.

Na uku, ƙasar da a ka yi motar dominta. Yawancin motocinmu na hannu ne, an yi amfani da su a wata ƙasa kafin su iso mana. A nan Afirka da Turai tashoshin matsakaicin zango tazarar kilohaz tara-tara ce tsakaninsu, a Amurka kuwa goma-goma. Sabo da haka rediyon motar Amurka daga 590 sai ya tsallaka 600, ba zai taɓa tsayawa a kan 594 ba. A FM ma lambobin da suka ƙare da mara kaɗai ya ke takawa, kamar 92.1 da 92.3, ya tsallake 92.2. Tashar da lambarta ta ƙare da cika sai ya kama ta a gefe, murya a shaƙe. Rediyon da a ka yi domin ƙasar Japan kuwa, tsofaffinsu daga 76 su ke farawa su tsaya a 90, watau yawancin tashoshinmu suna bayan iyakarsu. Waɗansu rediyon ana iya sauya musu ƙasa daga cikin maɓallansu, waɗansu sai an sa musu ƙaramar na'ura a bakin eriya, waɗansu kuwa sai canji. Mai sayen mota domin aikin ofis ya kamata ya duba wannan kamar yadda ya ke duba taya.

Game da batir, rediyo shi kaɗai da murya madaidaiciya ba ya cin wuta da yawa. Amma in an ƙara masa allo da manyan lasifikoki, batirin kuma ya tsufa, ga zafin ƙasarmu da ke rage masa kwana, to, direban da ya zauna yana saurare tun hantsi har azahar yana jiran a tashi daga taro zai iya wayar da Hakimi da turin mota a gaban jama'a. In za a saurara inji a kashe, a murɗa makulli danni ɗaya kawai, kada a kai shi inda fitilun gaban direba su ke kamawa duka. In fis ya ƙone a sa wani mai lamba irin tasa. Naɗa masa waya ko takardar kwalin taba, kamar yadda a kan yi a bakin tasha, shi ne cire mai gadi daga ƙofa, domin fis an yi shi ne ya ƙone a madadin motar. Waɗansu rediyon kuma in an cire batir su kan kulle, sai an buga musu lambar sirri. Malamai, ku nemi lambar nan tun yau ku rubuta ta a littafin kayan ofis.

Ranku ya daɗe, saura magana ɗaya wadda ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Akwatin motar yanzu ba rediyo ne kaɗai ba. Yana karanta memori, yana karɓar murya daga wayar hannu ta Bluetooth, kuma duk daga lasifika ɗaya su ke fitowa. Fasinja da ke zaune a baya ba shi da hanyar rarrabewa. Sai direba ya kunna wata murya da a ka turo masa ta WhatsApp, wani yana cewa an kai hari gari kaza, ko allurar rigakafi kaza tana da illa, har da kiɗan buɗe labarai an liƙa mata a gaba. Mutum goma su sauka a kasuwar Jega, kowa ya rantse a rediyo ya ji. Kafin la'asar magana ta kai Gindi da Sambawa, kuma ta tafi da hatimin gidan rediyo alhali gidan rediyo bai san da ita ba. Tasha tana da lasisi, tana da adireshi, akwai hukumar da za ta tuhume ta in ta yi ƙarya. Muryar cikin waya ba ta da uba.

In an kawo muku labari an ce daga rediyon mota ya fito, ku tambayi wace tasha, ƙarfe nawa, wa kuma ya ji a wani akwatin dabam. Abin da tasha ta watsa, mai shayi da mai faci da matan gida duk sun ji shi a lokaci ɗaya. In a mota ɗaya kaɗai a ka ji, a yi hattara. A cikin motarku kuwa ku dubi fuskar akwatin: in ta nuna FM ko AM da lamba, tasha ce, in ta nuna BT ko USB ko AUX, daga waya ne ko memori. Amma a nan ma akwai tarko. Ana sayar da wata 'yar na'ura da a ke sokawa a ramin caja, wadda ke ɗaukar muryar waya ta watsa ta a kan FM a cikin motar kaɗai. Fuskar akwatin za ta nuna FM da lamba sarai, alhali tashar tana nan kusa da gwiwar direba. In kun ga irin wannan a soke, ku sa a zare ta kafin lokacin labarai.

Direbobinku kuma a ja musu kunne. A jera tashoshin da a ke bukata a kan maɓallan ajiya tun mota tana tsaye, domin dannawa ɗaya ta wadatar a kan hanya. Riƙe waya ana tuƙi laifi ne a dokar da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda a ka kafa a 1988, ta ke aiki da ita, kuma laluben waƙa a kan allo bai fi shi sauƙi ba. Murya kuma kada ta kai yadda za ta rufe ƙahon babbar mota, balle a hanyarmu ta Sakkwato zuwa Kwantagora, inda babur da shanu da amalanke su ke fitowa ba sallama.

Ga roƙon da ofishinmu ya ke yi wa malamai. Muna aika sanarwa gidajen rediyo, ta rigakafi, ta hasashen damina da hukumar NiMet ta ke fitarwa a farkon kowace shekara, ta rarraba taki, amma lissafin da na yi muku ɗazu na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne a kan takarda, bai san tudun Danwarai ko fadamar Mungadi ba. Kunnen da ya je wurin shi ya sani. Sabo da haka duk sa'ad da ku ka bi Hakimi rangadi, ku ware shafi ɗaya a bayan littafin rangadi. A kowane ƙauye a ka tsaya, a kashe inji, a gwada tashoshin da a ka saba ji, a rubuta sunan ƙauyen, da ranar, da sa'ar, da sunan tashar, sa'an nan a sa ɗaya daga kalmomi uku: garau, da ƙyar, ko babu. A tambayi Dagaci ko Mai Unguwa tashar da mutanensa suka fi saurare, da lokacin da su ke saurarenta, domin ta yiwu ta Sakkwato ce ko ta ƙetaren iyaka, ba tamu ba. A gwada sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan magariba in an kwana, kuma a maimaita da damina, tun da kun ji yadda lokaci ya ke sauya abin. A yi ƙoƙari a riƙa gwadawa da mota ɗaya, domin kada laifin eriya ya zama laifin ƙauye.

Ƙauyen da a ka rubuta masa babu sau uku, mun san sanarwarsa ba ta iska za ta tafi ba, sai mu shirya masa takarda ta hannun Hakimi, ko motar lasifika, ko sanƙira ranar kasuwa. A aiko da kwafin shafin tare da rahoton ƙarshen wata. Wanda ke da tambaya a kan motarsa kuma, ina nan a waje bayan an tashi, a buɗe mota mu duba eriyar tare.